Inda dalma ke sauka: gwajin adaka daga mita 25 zuwa mita 100

Maharba da yawa sun yi imani cewa harsashin bindigar toka, wato adaka, yana tafiya miƙe kamar igiyar magini, sai ƙarfinsa ya ƙare sannan ya faɗo. Ba haka abin yake ba. Tun daga lokacin da dalma ta bar bakin bindiga ƙasa take janta, kuma yawan saukar ya dogara ne ga tsawon lokacin da ta ɗauka a iska. Cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa tana sauka kusan santimita 5. Cikin kashi biyu, kusan santimita 20. Cikin kashi uku, 44. Cikin kashi huɗu, 78. Wato idan lokaci ya ninka sau biyu, saukar ta ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa bindigar da ba ta kuskure a taku talatin take bi ta ƙarƙashin cikin gada a taku ɗari, maharbi ya koma gida yana zargin albarushi ko yana cewa dabbar ba ta banza ba ce. Mun yi gwajin nan ne don mu ga abin da ido a kan kwali, domin gani ya kori ji.

Kafin a ɗura komai sai an gama da maganar izini. Dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma lasisin riƙe ta a hannun 'yan sanda yake. Wanda ba shi da takarda kada ya fara. Ban da takarda, a Kaduna ta yau ƙarar bindiga sau ashirin a bayan gari ba ƙaramin abu ba ne. Da can idan aka ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi, masu ɗura albarushi zalla su cika fili da hayaƙi a hawan Sallah a Zariya. Yanzu kalmar tana sa mata su kwashi yara su gudu. Don haka kwana biyu kafin ranar muka sanar da mai unguwa, da Sarkin Baka, da ofishin 'yan sanda na yankin, muka faɗi wuri da lokaci da adadin harbin da za a ji. Sarkin Baka ya ƙara sharaɗi guda: a je a gaya wa makiyayan da ke ratsa wajen. Muka ce, "To, Baba, an gama," aka tura yaro rugar tun da yamma.

Wurin da ya dace shi ne tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, mai gaɓa a tsaye wadda ta kai tsayin mutum biyu, da fili shimfiɗaɗɗe na mita 100 a gabanta. A duba gaɓar da kyau. Idan marmara ce ko tsakuwa ta yi yawa, dalma na iya dukan dutse ta kauce gefe da sauran ƙarfinta. Tamu jar ƙasa ce mai laushi, duk da haka mun jera buhunan yashi goma sha biyu a bayan allon da za a harba. Ƙwayar dalma da aka harba sama-sama tana iya cin kusan kilomita guda kafin ta faɗi, saboda haka abin da ke bayan gaɓar ma abin dubawa ne: hanya, gona, rafi inda ake wanki.

Lokaci kuwa, Disamba ko Janairu, bayan an kwashe amfanin gona, da sassafe kafin iskar hunturu ta tashi. Damina ba ta gwaji ba ce, domin albarushi yana shan laima, kuma wanda ya kwana a ɗaki mai danshi a watan Agusta ba zai ba da ƙarfin da zai bayar a rani ba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin alama sarai a mita 100, a ɗaga.

Kayan aiki ba su da yawa, kusan duka ana samunsu a Panteka ko wajen masu kayan gini: tef na mita 50, falankin filai guda mai tsayin santimita 240 da faɗin 120, kwalayen firji huɗu da aka buɗe, ƙusoshi, baƙin fenti, zare da ɗan dutse na saita tsaye, ma'aunin kauri irin na makanikai, ƙaramin sikeli irin na masu gwal wanda ke karanta kashi ɗaya bisa goma na giram, buhun yashi biyu na ɗora bindiga, benci mai ƙarfi, tsummoki masu tsabta, ruwa a gora, gilashin kare ido, auduga ta toshe kunne, da littafi da biro.

Aikin da ya fi muhimmanci a gida ake yinsa, daren jajibere. Gwajin sauka ba shi da ma'ana idan kowane ɗuri ya bambanta da ɗan'uwansa, don ba za ka san ko nisa ne ya saukar da dalmar ko albarushin ne ya gaza ba. Bindigar da muka gwada mai bututu sumul ce, wato ba kwari a cikinsa, faɗin cikinta kusan milimita 15 da rabi. Muka zuba ƙwayoyin dalma arba'in a mazubi guda, a fili inda iska ke kaɗawa saboda tururin dalma guba ne, kowace ta fito milimita 15, nauyi kusan giram 20. Muka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta gaza sauran da kashi uku bisa goma na giram muka ware ta, domin alama ce akwai kogon iska a cikinta, kuma irin wannan tana karkata a tafiya. Mai tsaga ko mai kunne a inda mazubi ya haɗu, ita ma gefe. Talatin suka rage.

A nan sai na tsaya a kan abin da wasu ke ɗurawa: ƙwallon boris, guntun rodi, yankakkiyar ƙusa. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba. Ƙwallo biyu masu girma ɗaya, na ƙarfe kusan kashi 70 cikin ɗari ne na nauyin na dalma, don haka iska tana cinye gudunsa da wuri. Ba ya lotsewa, yana kankare cikin bututu, kuma idan ya daki abu mai tauri yana dawowa. Guntun rodi kuwa juyi yake yi a iska kamar an jefa sanda, babu wanda zai iya faɗin inda zai sauka. Da irin waɗannan ba a yin gwaji, kuma a ganina bai kamata a yi farauta da su ba.

Albarushi shi ma gwangwani guda, kada a gauraya sabo da tsoho. Muka ɗauki awon da bindigar ta saba ci shekara da shekaru, muka auna shi a sikeli ya zo giram 4, muka ƙulla ƙulli talatin a takarda, kowane giram 4 cif. Wannan awon na wannan bututun ne kaɗai, ba na bindigar kowa ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne da muka gwada tsohuwar hanya ta zuba a tafin hannu da ido sau biyar, muka auna, babu biyu da suka zo daidai. Ƙyallen da ake naɗe dalma kuma daga yadi guda na auduga zalla aka yanka shi, faɗi ɗaya, aka shafa masa mai iri ɗaya. Yadin roba yana narkewa ya manne a bututu.

Gargaɗi guda wanda ba shi da sassauci: baƙin albarushi kaɗai ake ɗura wa adaka. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani, ko an farke kwanso an zazzago shi, ƙarfin matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma yana fasa bututu a fuskar mai harbi.

A filin, muka kafa filai a tsaye a gindin gaɓar, muka saita shi da zare da dutse don kada ya jirkice. Daga fuskar allon muka ja tef, muka kafa turaku a mita 25, 50, 75 da 100. Allon ba ya motsi, benci ne ke ja da baya, ta haka kowane harbi gaɓa ɗaya yake fuskanta. Kada a auna da taku. Takun mutum a fili yakan kama santimita 70 zuwa 80, kuma kuskuren taku goma a nesa ya isa ya ɓata lissafin duka.

Kowane nisa da kwalinsa. A kan kwalin aka ja layi a kwance, santimita 60 daga sama, aka zana baƙin da'ira a tsakiyar layin, aka bar fili mai yawa a ƙasa domin nan ramukan za su taru. Girman da'irar yana ƙaruwa da nisa: santimita 10 a mita 25, 20 a mita 50, 30 a mita 75, 40 a mita 100. Dalili shi ne ido ya riƙa ganinta da girma ɗaya a kan ƙwayar saiti da ke bakin bindiga. Idan ka bar ƙaramar alama a nesa, ƙwayar saiti za ta rufe ta, ka koma harbin kirdado. Ƙa'idar gwajin duka ita ce wuri ɗaya ake saitawa a kowane nisa. Hannu zai so ya ɗaga baki kaɗan idan an ja baya, saboda sabo. A hana shi. Ba neman dukan baƙi ake yi ba, neman sanin inda dalma za ta je ake yi.

Yadda aka ɗora bindiga yana canza sakamako fiye da yadda mutane ke zato. Katakon gaba ne ke hawa buhun yashi, a wuri ɗaya kullum, mun sa alamar alli a wurin. Idan bututu ya zauna a kan dutse ko icce mai tauri, bindiga tana tsalle lokacin tashi, harbi ya tafi sama. Dalmar adaka ba ta da sauri, bututun kuma dogo ne, don haka bindiga ta fara ja da baya tun dalma ba ta fita ba. Riƙon da ka yi mata a kafaɗa, mai ƙarfi ko sako-sako, yana shiga cikin inda za ta sauka. Mutum ɗaya ne ya yi harbin duka, da riƙo irin wanda yake yi a daji.

Sai babbar matsalar bindigoginmu: yawancinsu ba su da saitin baya, ƙwaya ce kawai a baki, wasu ma babu. In haka ne, idonka shi ne saitin baya. A ce tsakanin ido da ƙwayar santimita 80 ne. Kunci ya ɗaga da milimita 2 kacal, kaurin tsinken ashana, dalma za ta tashi santimita 12 da rabi a mita 50, kusan 19 a mita 75. Wannan ya fi saukar da muke son aunawa. Maganin da muka yi shi ne manna ɗan ƙyalle mai kauri a gindin bindiga daidai inda ƙashin kunci ke zama, don fuska ta riƙa komawa wuri guda. Wanda zai iya sa maƙeri ya ɗora masa ɗan saitin baya mai tsaga, ba tare da huda bututu ko ƙona shi da walda ba, ya yi. Ribarsa ta fi ta kowane gyara.

Ga yadda kowane harbi ya gudana. Da farko aka zura sandar ɗuri cikin bindiga babu komai, aka yi mata alama daidai bakin bututu. Bayan ɗurin farko aka sake zura ta, aka yi alama ta biyu. Daga nan duk ɗurin da sanda ba ta tsaya a alama ta biyu ba, akwai magana: in ta tsaya sama, ko dalma ba ta kai ƙasa ba ko an ɗura sau biyu; in ta wuce, an manta albarushi. Kafin ɗurin farko aka goge man ajiya da busasshen tsumma, aka fasa hular wuta, wato ɗan murfin da ke kunna albarushi, guda biyu a bindiga wofi don hanyar wuta ta buɗe. Ana zuba albarushi daga ƙullin takarda, ba daga gwangwani ba, domin idan akwai sauran garwashi a ciki, giram 4 ne zai kama maimakon gwangwani guda a hannunka. Gwangwanin ma a rufe yake, taku goma a baya, kuma babu mai shan taba a wurin. Bakin bindiga yana kallon sama, nesa da fuska, tafin hannu ba ya rufe kan sanda. Ana tura dalma da matsi ɗaya har ta zauna daram a kan albarushi. Ba a barin rata tsakaninsu ko kaɗan, domin rata tana kumbura bututu ko ta fasa shi. Ba a kuma yi mata dakan sakwara, duk da sunan bindigar. Duka da yawa yana lotsa dalma ya niƙe albarushi, ƙarfin harbi ya canza. Hular wuta ita ce ta ƙarshe, sai bindiga ta hau buhu tana kallon gaɓa.

Harbi biyu na farko ba a lissafa su. Bututu mai tsabta da ɗan sauran mai yana jefa dalma wani wuri daban da bututun da ya sha hayaƙi. Amma a rubuta inda suka sauka, domin a daji harbin farko daga bututu mai tsabta shi ne wanda za ka yi.

Fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama hayaƙi, toka yake zama, wani ya fita wani ya manne. A busasshiyar iskar hunturu tokar tana ƙeƙashewa da wuri. In ba a goge ba, zuwa harbi na huɗu ko na biyar dalma za ta fara cijewa, matsi ya ƙaru, ramuka su fara hawa ko su watse. Bayan kowane harbi muka zura tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya, busasshe sau ɗaya. Danshi, ba jiƙewa ba. A harbi na tara tsumman ya jiƙe da yawa, ruwa ya tura toka cikin hanyar wuta, aka ja kunama hular ta fashe bindiga ba ta tashi ba. A irin wannan hali ba a ɗaga kai, ba a leƙa baki. Bindiga ta ci gaba da kallon gaɓa har minti biyu a agogo, saboda wuta na iya cin albarushi a hankali ta tashi daga baya. Bayan nan aka tsokaci hanyar da siririyar waya, aka sa sabuwar hula, ta tashi. Wannan harbin an soke shi, domin albarushin da ya sha danshi ba abin awo ba ne.

Harbi biyar a kowane nisa. Uku sun yi kaɗan ga bututu sumul, domin guda ɗaya da ta kauce za ta ja lissafin. Da goge-goge da barin bututu ya huce, kowane harbi ya ci minti huɗu zuwa biyar, aikin duka ya kai sa'a biyu. Ba wanda ke zuwa wajen allo sai bindiga tana wofi an jingine ta.

Awon ramuka haka yake: daga layin kwance zuwa tsakiyar kowane rami, a rubuta sama ne ko ƙasa, a tara a raba biyar. A kwalinmu na mita 75 ramukan sun zo santimita 4, 9, 13, 15 da 24 ƙasa da layi. Jimla 65, a raba biyar, 13. Wannan ita ce saukar bindigar a wannan nisa. Sannan a auna tsakanin ramuka biyu da suka fi nisa da juna, a rubuta shi daban. Wannan lamba ta biyu ita ce watsuwa, kuma daga baya za a ga ta fi ta farko nauyi.

Ba mu da na'urar auna gudun harsashi, amma lissafi yana ba da abin kwatance. Ƙwayar dalma mai milimita 15 da giram 20, idan ta fita da gudun mita 300 a daƙiƙa, tana isa mita 50 da gudun kusan 260, mita 100 da kusan 225. Daga miƙaƙƙen layin bututu tana sauka kusan santimita 4 a mita 25, 15 a mita 50, 36 a mita 75, 67 a mita 100. Abin da ake gani a kwali bai kai haka ba, saboda idan ana saiti bakin bindiga yana ɗan kallon sama da layin ido. Shi ya sa ake cewa harsashi yana tashi. Ba tashi yake da kansa ba, jefa shi sama aka yi kaɗan, kamar mai jifan mangwaro. Bindigar da ke dukan daidai a mita 50 za ta kasance kusan santimita 3 sama a mita 25, 12 ƙasa a mita 75, 35 ƙasa a mita 100. Wadda ke dukan daidai a mita 25 kuwa za ta sauka 6 a mita 50, 21 a mita 75, 46 a mita 100. Tamu ta bi sahun farko: ɗan sama a 25, kan layi a 50, 13 ƙasa a 75. Wanda ya ga tasa ta sauka fiye da haka sosai, dalmarsa ba ta kai wannan gudun ba, ko albarushin ya yi rauni ko rata tsakanin dalma da bututu ta yi yawa hayaƙi yana tsere ta gefe. A tsinto ƙyallen da ya fita, yakan faɗi taku goma zuwa goma sha biyar a gaba. In ya ƙone ko ya yage, ta nan ƙarfin ke zurarewa, sai a ƙara masa kauri ko mai.

Yadda ramuka suka jeru yana faɗin laifin wane ne. Idan sun yi layi daga sama zuwa ƙasa, kuma abin ya fi bayyana a nesa, gudu ne ke bambanta. Raguwar gudu da kashi goma cikin ɗari ba ta kai santimita guda ba a mita 25, amma a mita 75 ta kai 8. Idan sun yi layi a kwance, iska ce ko fizgar kunama. Iskar da ke ratsawa da gudun mita 5 a daƙiƙa, wadda ke kaɗa riga, tana ture wannan dalmar kusan santimita 6 a mita 50, 15 a mita 75, 27 a mita 100. Mun ɗaura tsumma a kan kara a tsakiyar fili, ana harbi ne kawai idan ya kwanta. Idan ramuka sun tafi ƙasa da gefe guda tare, bindiga ce ake karkatarwa. Idan kuwa sun watse ko'ina babu tsari, halin bututu sumul ne: dalma tana fita da juyin da ta ga dama, juyin kuma yana lanƙwasa tafiyarta kamar ƙwallon da aka buga da gefen ƙafa.

A nan ne gwajin ya faɗi abin da ya fi sauka muhimmanci. A mita 25 tafin hannu ya rufe ramuka biyar. A mita 50 sai da faifai. A mita 75 faifai bai isa ba, sai tire. A mita 100 huɗu ne a kan kwalin, warwatse, ta biyar a buhun yashi muka same ta. Wurin da ake dukan gada ta faɗi nan take, bayan kafaɗa, bai wuce da'irar santimita 15 ba. Saukar santimita 13 ana iya gyara ta da ɗaga saiti. Watsuwar da ta kai tire babu saitin da ke gyara ta. Ko ka san saukar bindigarka a mita 75 kamar sunanka, dalmar na iya samun ciki ko cinya, dabba ta shige sarƙaƙiya ta mutu bayan kwana biyu, ba a yanka ba, ba a ci ba, an azabtar da ita a banza. Hukuncin da muka rubuta wa wannan bindigar shi ne mita 40. Muka kafa turke a 40 muka ƙara harbi biyar don tabbatarwa, duka suka shiga da'irar.

Akwai masu cewa a ƙara albarushi don tafiyar ta miƙe. Lissafi bai goyi bayansu ba. Ko an samu ƙarin gudu na kashi goma cikin ɗari, abin da za a rage daga sauka a mita 75 bai wuce santimita 6 ba, watsuwa kuma sau da yawa ƙaruwa take yi. Dalma mai siffar ƙwallo, da zarar ta kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, iska tana tare ta da ƙarfi ninki, ƙarin da aka saya da albarushi ya zube a mita talatin na farko. Kuma yawancin bututun da ke hannun maharbanmu ba a taɓa gwada ƙarfinsu a masana'anta ba. Santimita 6 ba ta kai a sayar da yatsu ko ido ba.

Don kwatanci, a Amurka, inda jihohi da yawa ke ware lokacin farauta na musamman ga masu bindigar ɗuri ta baki, bututunsu yana da murɗaɗɗen kwari a ciki wanda ke juya dalma kamar katantanwa. Na ƙwallon dalma yakan yi juyi ɗaya cikin inci 66, na dogon harsashi juyi ɗaya cikin inci 28. Ƙwallo mai milimita 12 da rabi, giram 11 da rabi, yana fita da gudun kusan mita 550 a daƙiƙa. Duk da haka kafin ya kai mita 100 ya zubar da kusan kashi 40 cikin ɗari na gudunsa da kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin dukansa, kuma in an saita shi a mita 50 yana sauka wajen santimita 12 a mita 100. Abin da kwarin ya ba su shi ne taruwar ramuka wuri guda, shi ya sa sanin sauka ke yi musu amfani a nisan da mu ba zai yi mana ba.

Wanda bindigarsa ke dukan ƙasa a nisan da ya zaɓa, gyaran a ƙwayar saiti yake. Rage tsayinta yana ɗaga harbi. Lissafin: kuskure sau tsawon saiti, a raba da nisa, duka a santimita. Don ɗaga santimita 10 a mita 50 da tsawon saiti 80, 10 sau 80 a raba da 5000, ya ba da santimita 0.16, wato milimita 1.6. A goge rabin haka da zarto mai laushi, a harba uku, a duba, sannan a ƙara. Abin da aka goge ba ya dawowa.

Abu biyu kwali ba zai nuna ba sai an kiyaye. Na farko tudu da gangare. A wuraren duwatsu irin na Kajuru ko Kufena, harbi sama ko ƙasa duka suna sa saukar dalma ta gaza yadda aka saba, wato ta daki sama da inda ake zato, domin nisan kwance ne ke aiki. Na biyu kiyasin nisa. Tsakanin mita 75 da 85 kaɗai akwai ƙarin saukar santimita 8, kuma da asuba ko cikin hazo ido yana ruɗuwa. Kafin mu tashi kowa ya taka daga allo zuwa turken mita 40 sau uku yana ƙirga takunsa, ya tsaya ya dubi girman buhun yashi daga can, don ido ya riƙe.

Sakamakon an rubuta shi a ɗan kati: nauyin dalma, awon albarushi, irin ƙyalle, wata da yanayin iska, sauka da watsuwa a kowane nisa. Ranar da aka canza gwangwanin albarushi ko mazubi, katin ya tashi aiki, sai an sake harbi biyar a mita 25 da biyar a mita 50. Dalmar da ta shiga buhunan yashi an tace ta an kwashe, kada a bar ta inda dabbobi ke kiwo. Bindigar kuma a ranar aka wanke ta, domin tokar albarushi tana jan laima ta ci ƙarfe cikin dare ɗaya: ruwan zafi ta baki har ya fito fari ta hanyar wuta, busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito ba tabo, sannan mai kaɗan ciki da waje, a jingine ta baki ƙasa don man kada ya taru a inda albarushi ke zama.